Abin da Na Zana a Cikin Mai

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga ƙanwarki, mai yawan da takardar nan ba za ta iya ɗauka ba, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Allah ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya, ya sassauta muku sanyin nan da kike ta ba mu labari, ya sa waraka a hannunki ga duk wanda kika taɓa. Mu nan lafiya lau, alhamdulillah. Baba ya koma gareji bayan ciwon bayan nan, kodayake Umma ta ce zama kawai yake yi a kujera yana nuna wa mutane abin yi, shi kuma ya ce ai nunawar ita ce aikin. Kaka ta ji daɗin man gwiwar da kika aiko, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Idon ne dai har yanzu. Shekaranjiya ta tsaya ta gaida labulen ɗakin Umma tana tsammanin baƙuwa ce, da muka yi dariya ta ce labulen ya fi mu tarbiyya, tunda shi bai yi mata dariya ba.

Yaya, na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali duk Juma'a muna magana. To wayar ta Umma ce, kuma kin san a tsakar gida ake amsa ta, kowa na kusa yana jiran a miƙo masa. Abin da ke raina ba zai faɗu a haka ba. Ko da mu biyu ne ma ba na jin bakina zai iya. Shi ya sa da na ji ƙawarki za ta koma can ranar Lahadi na yago takardu daga littafin makaranta na zauna. Wannan ce ta uku, biyun farko na yayyaga su. Don Allah ki karanta ke kaɗai, kuma ki daure ki kai ƙarshe kafin ki yi fushi da ni.

Masu wasan nan da ke yawo gari-gari sun sake zuwa filin bayan makarantarmu, da lilon nan mai kama da ƙatuwar taya, da dawakin katako masu juyawa, da mai alawar auduga. Baba ya kai mu ranar wata Asabar da la'asar, ni da Umma da 'Yar Kawu. Kin dai san tun bayan tafiyarki 'Yar Kawu ke zaune da mu tana karatun ungozoma, a gadonki take kwana. Mutumin nan mai soya abin da muke kira sheƙa, zaren kwaɓin nan mai kama da gidan tsuntsu, yana nan a wurinsa na da, sai dai ya ƙara tsufa, kuma ƙamshin yana nan yadda kika san shi. Da muka dawo Kaka ta shinshina mayafin Umma ta ce wato mun je mun ci mun bar ta da wari. Nan take Baba ya ce gobe a yi mata a gida, yadda kike yi mana. Sai dai tun da kika tafi ba a sake yi ba, kuma kowa ya san ke ce mai riƙe gora. Umma ta dube ni ta ce ai Auta ta girma, hannunta ma ya fi na kowa nutsuwa, ita za ta zuba. Yaya, ban san yadda zan gaya miki daɗin da na ji ba. Kamar an ɗora mini rawani.

Washegari da hantsi muka fito da komai bakin kicin, kowa ya kama wurinsa kamar yadda kika tsara mana tun da. 'Yar Kawu ta yi kwaɓin, fulawa da ƙwai da madara da ɗan gishiri, ta buga shi har ya yi santsi yana zuba daga ludayi ba ya tsinkewa. Baba ya ɗora ƙusa a wuta ya huda murfin gorar ruwa, ya yi ta auna hujin da ido kamar zai ɗaura wa mota wani abu, ya ɓata murfi biyu kafin ya gamsu. Umma na gaban kasko da cokali mai huji, tana ɗiga kwaɓi a man ta ga ko ya yi zafi. Kaka na kan tabarma da sukarin da aka daka ya yi laushi da 'yar rariya, ita ce mai barbaɗawa, kuma ita ce mai raba wa maƙwabta, don kin san ba ta yarda wani ya taɓa mata wannan aikin. Na farko da na zuba ya dunƙule wuri ɗaya, Baba ya ce wannan ba sheƙa ba ce, tsuntsun ne da kansa. Na biyu ya wargaje. Daga na uku hannuna ya gane. Na tuna yadda kike cewa a fara daga tsakiya, a yi ta kewayawa ba tsayawa, sannan a gicciya sau biyu don ya kama juna. Suna tasowa saman mai suna yin ja, gidan duk ya ɗauki ƙamshi, Kaka na ci da zafinsa tana hura baki, sukari har a haɓarta. Idan hannuna ya gaji sai 'Yar Kawu ta karɓi gorar ta yi 'yan kaɗan ta dawo mini da ita. Rabon da in ga gidanmu cikin irin wannan farin ciki tun bikinki.

A nan ne zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kin san ɗan maƙwabciyarmu mai gyaran waya, wanda shagonsa ke jikin gidansu, 'yan layi na ce masa Injiniya. Wata uku da suka wuce Umma ta aike ni da wayarta wurinsa. Yana sunkuye ƙarƙashin 'yar fitilarsa, ya ɗago ya ce in dawo bayan azahar. Wallahi iyakar abin da ya taɓa haɗa mu ke nan. Amma ni na ɗauki wannan kalma huɗu na tafi da ita gida na yi ta gini a kanta. Duk littafin soyayyar da na buɗe, fuskarsa nake sa wa saurayin ciki. A raina mun yi hira ta fi ɗari, mun yi faɗa mun shirya, har na zaɓa mana launin labule. Shi kuwa na tabbata ko a hanya muka haɗu ba zai iya cewa daga wane gida na fito ba.

To da aka kusa gamawa, Baba ya shiga ciki, Umma ta tafi ɗebo wani man ta bar mini cokalin, 'Yar Kawu kuma tana wanke roba a bakin famfo ta ba ni baya. Na tsaya ni kaɗai da gora a hannu, man yana ƙyalli, daga can waje ina jin rediyon shagonsa. Ban san lokacin da hannuna ya bar kewayawa ba. Siffar zuciya na zana, irin ta bangon littattafaina, har da kibiyar da ta ratsa ta. Kuma abin haushi, Yaya, duk cikin abin da na soya ranar babu wanda ya yi kyanta. Ta fito cif, ba inda ya karye. Na tsame ta, na tura ta can ƙasan kwando na rufe da wasu, da niyyar in an watse in ɗauke abata in kai ɗaki in kalla, sannan in cinye. Sai Umma ta dawo ta ce in je in canza riga duk na ɓata ta da kwaɓi. Kafin in fito Kaka ta gama rabo. Da lalube take yi, kuma kin san halinta, mafi girma take ɗorawa a sama don kwano ya yi kwarjini. Na fito na tarar da kwanuka huɗu a rufe, 'Yar Kawu ta riga ta yafa mayafi ta ɗauka. Na leƙa kwandon, babu. Da a lokacin na buɗe baki na ce ta tsaya, da shi ke nan. Amma Umma na tsaye, sai na ce a raina ƙila tana kwanon gidan mai wanki, can yara ne za su cinye ba su duba ba.

Ashe a kwanon maƙwabciyarmu take. Ita kuma ba ta nan, sai 'Yar Kawu ta miƙa wa Injiniya a ƙofar shago, abokansa na zaune a benci. Ɗaya ya tsokane ta ya ce ko dai sayowa aka yi, ita kuma da yake ba ta da nauyin baki ta ce da hannunta ta yi, tana nufin kwaɓin. Tana juya baya suka buɗe. Wani cikinsu ya ɗauki hoto ya ɗora a waya da 'yar magana a ƙasa, wai wata mai farin kaya ta kamu. Layinmu kaf mutum ɗaya ce ke fita da fararen kayan makarantar ungozoma. Kafin kwana biyu hoton ya kai ga Malam, malamin makarantar nan da ake maganar aurensa da 'Yar Kawu, wanda ita da kanta ta kawo shi gida kuma kowa ya yi na'am da shi. Bai zo ba, bai kira ba, ya daina amsa kiranta. Mahaifiyarsa ce ta aiko wa Umma cewa a ɗan dakata da maganar tukuna.

Ranar Laraba Baba ya tara mu bayan ya dawo daga gareji, ko wanka bai yi ba. Ya ajiye wayarsa a tsakiya da hoton a buɗe, ya ce mutum biyu ne suka riƙe gora, yana son ya ji wace ce. Ban kai ga buɗe baki ba Umma ta riga ni. Ta ce a cire Auta a ciki, yarinyar da ko mai kawo ruwa ba ta iya haɗa ido da shi, ina ta san wannan. Baba ya gyaɗa kai, duk suka juya ga 'Yar Kawu. Ta ce ba ita ba ce. Baba ya ce to aljani ne ke nan. Sai ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, Yaya, da harara ce da na fi samun sauƙi. Kallo ne na mai jira. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ƙirga zaren tabarma, na bar yabon da Umma ta yi mini ya rufe ni. Baba ya yi mata faɗan da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba, ya ce amana Kawu ya ba shi, ga yadda ta saka masa.

Da muka koma ɗaki na zaci za ta shaƙe ni. Ta zauna a bakin gado tana ninke mayafinta, can ta ce, "Ba zan faɗa ba, Auta. Amma ba zan ce ni ce ba." Daga nan ba ta sake yi mini magana ba. Haka muka yi ta zama a ɗaki ɗaya. Da safe ta shirya ta fita ta ƙofar baya don kar ta wuce gaban shagon, ta dawo ido a kumbure ta ce wa Umma mura ce. Abinci sai ta taɓa ta ture. Ni kuma kullum sai in shirya maganata tsaf, in haddace ta kamar karatu, in taho har bakin ƙofar Umma, sai in ji kaina ina tambayarta ko akwai wanke-wanke. Na buɗe littattafaina ko zan manta, na kasa. A cikinsu idan asirin yarinya ya tonu, kuka take yi mai kyau, kowa ya tausaya mata, a shafi na gaba komai ya daidaita. Babu inda aka rubuta yadda mutum ke ji idan yana cin abinci a kwano ɗaya da wadda ake zagi saboda shi. Har addu'a na yi Allah ya sa maganar ta mutu da kanta, kin ji irin son kaina.

Ba ta mutu ba. Kawu ya kira ya ce tunda abin ya zama haka ta tattaro ta dawo gida, karatun ya tsaya, alhali saura mata wata biyar ta gama. Na dawo daga makaranta na tarar ta sauke jakarta daga saman durowa tana jera littattafanta a ciki ɗaya bayan ɗaya, tana share ƙurar kowanne da gefen zaninta. Washegari da safe Baba na shan shayi zai fita, Umma na yanka masa burodi, na fito na tsaya a gabansu. Duk jawabin da na haddace ya gudu. Na ce, "Baba, ni ce." Bai gane ba, sai da na ƙara cewa ni na zana, 'Yar Kawu ba ta ma gani ba. Wuƙar ta tsaya a hannun Umma. Baba ya ajiye kofi ya daɗe yana kallona. Na shirya wa tambaya a kan yaron, na shirya wa mari ma. Amma abin da ya ce shi ne, "Kwana nawa kina kallon 'yar'uwarki tana kuka?" Na ce tara. Ya maimaita, tara. Ya tashi bai ƙarasa shayin ba, ya je ƙofar ɗakinmu ya yi sallama, ya ba 'Yar Kawu haƙuri a tsaye, shi da girmansa. Ina tsaye ina jin komai. Wannan ya fi mari ciwo nesa ba kusa ba.

Umma ce ta fi ba ni tausayi, don ita ta tsaya mini a gaban kowa. Ba ta zage ni ba. Ta ce kawai ashe ba ta san 'yarta ba, ta shiga ɗakinmu ta kwashe littattafan nan gaba ɗaya a kwali ta kai nata ɗakin. Kaka kaɗai ta sa baki, ta ce a raba laifin da ita tunda ita ta ɗora a kwano, kuma da idonta na gani da ta cinye shegiyar tun a nan kowa ya huta. Ba wanda ya yi dariya, sai ita.

Baba ya yanke cewa da bakina zan gyara abin da na ɓata. Ya kira Kawu ya ba ni wayar na faɗa masa. Sannan Umma ta kai ni gidan su Malam, na durƙusa a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu na faɗi komai, har da dalilin. Ƙannen suna ta danne dariya da mayafi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Maƙwabciyarmu ma ta shigo ba da haƙuri, ta ce ɗanta ya sa an goge hoton, kuma ya ce a gaya mini kar in damu, shi bai ma gane wace ce a cikin yaran gidan ba. Da kyakkyawar niyya ta faɗa, na sani. Yanzu ta bayan layi nake zagayawa in tafi makaranta, kuma ina ga haka zan yi ta yi har in gama.

Malam ya zo shekaranjiya da la'asar, ya yi ta tsayuwa a ƙofar gida. 'Yar Kawu ta ƙi fita. Ta ce wa Umma mutumin da ya gaskata hoto bai tambaye ta ba, ya ɗan tsaya shi ma ya ji yadda jira yake. Jiya ya sake dawowa, ta sake ƙi. Umma ta ce fushi ne zai wuce, amma ni tsoro nake ji, don na san tana son sa, kuma na san da ba don ni ba da ba a kai ga gwada shi haka ba. Wannan ne ya sa na rubuto miki. Ba cewa nake ki roƙa mini gafara ba, ban kai nan ba tukuna. So nake ki kira ta a wayarta, lokacin da take makaranta ba kowa kusa, ki saurare ta. Tana jin maganarki fiye da ta kowa. Idan ta ga ba ta yi da shi don abin da shi ya yi, wannan nata ne, ba mai tilasta ta. Amma kar ta rabu da shi saboda ciwon da ni na ji mata.

Kawu ya yarda ta zauna ta ƙarasa karatunta. Yau da safe ina shara ta fito da fararen kayanta ta ajiye a kan gadona ba ta dube ni ba, ta ce, "Goge min. Kar ki ƙona." Maganarta ta farko ke nan gare ni tun ranar. Na yi kusan awa guda ina gugar riga ɗaya, na bi kowace kalmasa sau biyu, ina kawar da fuska don kar hawaye ya ɗiga a kai. Ta karɓa ta duba gaba da baya, ta sa, ta fita ta ƙofar gaba.

Ki gaida mini maigidanki da kyau, amma don Allah kar ki ba shi labarin nan, in kuma ya zama dole to bayan na yi aure na tsufa. Ki gaida surukarki da ƙanwar maigidanki, da abokan aikinki da ke tambayata. Baba da Umma ba su san na rubuto ba, amma na san da sun sani da sun cika takardar da gaisuwa. Kaka kullum sai ta sa miki albarka bayan salla. Ki sa ni a addu'a, Allah ya ba ni bakin faɗin gaskiya a kan lokacinta. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai jin kunyarki,
Auta